Zargin Juna: Ma'anar Kalmar da Abin da Muke Lulluɓewa da Ita

Shekaru da dama ke nan ina lura da wata kalma wadda ba ta rabuwa da bakin masu karanta labaru a rediyo, ba ta kuma rabuwa da alƙalamin marubutan jaridu, a duk sa'ad da wata musiba ta sauka a gabashin ƙasar Sakkwato, ko ambaliya ce ta shafe shinkafar fadamar Wurno, ko hari ne aka kai wa wani ƙauye a ƙasar Rabah, ko kuwa shanu ne suka kwana cikin albasar wani bawan Allah a Goronyo. Da zarar an ƙare lissafin hasara sai ka ji an ce, "ɓangarorin biyu dai suna ta zargin juna," kana a juya zuwa wani labari, sai ka ce da faɗin haka an kai magana maƙurarta. Bayan kwana biyu kuma manya su taru su ja hankalin jama'a da cewa a daina zargin juna, a haɗa kai, a bar wa Allah. Kowa ya ce amin, a shafa fatiha a watse, alhali wanda gonarsa ta nutse yana nan da bashin takinsa, wanda aka kashe wa ɗa kuwa bai san ko sunan wanda zai kai ƙara ba.

Bari in bayyana matsayina tun da wuri, kada mai karatu ya wahala da nemansa. Ina ganin kalmar nan tana da mazauninta na gaskiya a harshenmu, amma mazaunin ƙanƙane ne, mu ne muka yi ta faɗaɗa shi har ya zama rumfar da mai laifi da wanda aka yi wa laifin suke shan inuwa ɗaya, ba mai iya rarrabe su. Ina kuma ganin nasihar nan ta a daina zargin juna, duk da kyakkyawar niyyar mafi yawan masu yin ta, sau da yawa mai ƙarfi take amfana, domin shi ne yake da abin da za a tambaye shi. Bukatarmu ita ce a auna zargi yadda ake auna hatsi, a san mudu nawa ke kan wane.

Mu fara da lugga, gama malamanmu na zaure ba su kutsa cikin mas'ala sai sun warware lafazinta. Bahaushe yana da kalmomi da yawa a wannan babi, kowace da nauyinta. Tuhuma, wadda muka aro daga Larabci, ta gaban alƙali ce, hujja take nema. Ƙazafi jifan mutum ne da alfasha, Shari'a kuma ta yanka masa haddin bulala 80. Ƙage da yarfe kuwa ƙarya ce tsantsa, mai yin su ya san ƙarya yake yi. Zargi yana tsaka-tsaki: zuciya ta karkata ga cewa wane ne ya aikata, baki ya furta, amma ba a riga an tabbatar ba. Ga kuma wani abin lura: idan muka rubuta "ya zarge shi," hawa da saukar murya kaɗai ke raba tsakanin ya ɗora masa laifi da ya jefa masa igiya a wuya, yadda ake zarge akuya a kai ta turke. Ni kam duk lokacin da na ji kalmar, igiyar nake gani. Igiya kuwa in ta shiga wuya, ko dai a kwance ta da hujja, ko a ja ta zuwa wurin hukunci. Barinta tana lilo a wuyan mutum shekara da shekaru zalunci ne a kansa in ba shi da laifi, zalunci ne kuma a kan jama'a in yana da shi.

Sai "juna." Wasu masana harshe suna ganin daga "jikuna" ta taƙaito, watau jam'in jiki, kuma yadda muke ce wa mace mai ciki mai juna biyu yana ƙarfafa wannan ra'ayi. Ma'anarta dai aiki ya fita daga wannan ya sauka kan wancan, ya kuma dawo daga wancan ya sauka kan wannan. Balarabe bai bukaci kalma ta daban don wannan ba, a cikin ginin fi'ilin yake saka ta, a ma'aunin da masu ilmin sarfu suke kira tafa'ul: daga taimako ya fitar da ta'awun, daga sani ya fitar da ta'aruf, daga laumu, watau zargi, ya fitar da talawum. Ɗalibin sarfu ya sani wannan ma'auni tarayya yake nunawa, cewa kowane daga cikin biyun mai aikatawa ne, kuma wanda aka aikata wa ne. To, a nan gizo yake saƙar. Da ka ce "juna" ka riga ka jera mutum biyu sahu ɗaya kafin ka saurari ko ɗayansu, ka yanke cewa kunnen doki suka yi tun ba a saki linzami ba.

Inda kalmar ta zauna daram, ba ta ko motsi, shi ne ƙissar masu gonar nan da ta zo a Suratul Ƙalami. Mutane ne da suka yi rantsuwa za su girbe gonarsu da sassafe don kada wani miskini ya shigo musu, aka aiko wa gonar abin da ya halaka ta suna barci, suka yi sammako suna raɗa a hanya, suka iske ta baƙi ƙirin har suka zaci ɓatan kai suka yi. Daga nan ne Littafi ya ba da labarin cewa sun fuskanci junansu da zargi, da wannan lafazi na talawum. Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe. Tarayyarsu ta haƙiƙa ce: tare suka ƙulla niyya, tare suka rantse, tare suka fita, har wanda ya fi su hankali, wanda ya taɓa yi musu gargaɗi, yana cikin tafiyar. Sa'an nan zargin nasu a tsakiyar iƙirari biyu ya zo, kafinsa sun amsa cewa su azzalumai ne, bayansa sun amsa cewa sun ƙetare haddi, kana suka koma ga Ubangijinsu da fatan ya musanya musu da mafi alheri. Zargin junan da yake da amfani ke nan: na abokan laifi ɗaya, gajere, mai ƙarewa da "mu ne."

Yanzu a ɗauki wannan mudu a auna abin da ya same mu a 2010. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gina a kan Gulbin Rima aka kammala a 1984, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta Gwamnatin Tarayya ce ke riƙe da ita. Daminar 2010 ta zo da ruwa mai yawa, tafkin ya cika ya batse, a farkon watan Satumba aka buɗe ƙofofi don gudun kada madatsar ta fashe, bayan 'yan kwanaki kuma ruwan ya fi ƙarfin mafitar da aka yi masa, ya bi fadama yana cin ƙauyuka da gonaki da rumbuna, tun daga ƙasar Goronyo, ya ratsa Wurno da Kware, har ya yanke hanyar da ke kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da kunnuwa suka sha ji bayan haka sananne ne. Manoma suna cewa an sakar musu ruwa ba a gargaɗe su da wuri ba. Masu kula da madatsa suna cewa ruwan sama ne irin wanda ba a saba gani ba, kuma da ba a buɗe ba da abin ya fi haka muni. Wasu kuma suna cewa mutane ne suka zauna a kan hanyar ruwa. Aka naɗe duka aka kira shi zargin juna.

Mai yiwuwa ne ƙwarai masu kula da madatsar su ne da gaskiya, kuma duk wanda ya san abin da fashewar irin wannan tafki za ta haifar ba zai yi gaggawar aibata wanda ya buɗe ƙofa ba. Amma ina tarayyar take? Mabuɗin ƙofa a hannu ɗaya yake, ma'aunin da ke nuna hawan ruwa a hannu ɗaya yake, littafin da ake rubuta shi kullum a hannu ɗaya yake. Ɗaya hannun kuwa fartanya ce a cikinsa. Wace rana ruwa ya kai wane matsayi? Yaushe aka yanke shawarar buɗewa? Wa aka aika wa saƙo, kuma sa'a nawa ke tsakanin saƙon da isowar ruwa ƙauyen farko? Waɗannan tambayoyi ne masu amsa a rubuce, amsar kuma tana iya wanke ma'aikaci tas, ta cire masa igiyar da aka zarga masa. Saboda haka kalmar nan ta cuci manomi, ta hana shi sanin haƙƙinsa, ta kuma cuci ma'aikacin kirki, ta hana shi wanke sunansa. A ranin 2018 abin ya juyo ta ɗaya fuskar, tafkin ya ja baya ƙwarai har birnin Sakkwato ya shiga fargabar ƙarancin ruwan sha, aka sake ɗauko kalmar aka shimfiɗa. Na yarda Rima gulbi ne mai iyaye da yawa: Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ya dawo, Bunsuru da Gagare kuma suna kawo nasu ruwan da nasu yashin da ke cike cikin tafki sannu a hankali. Amma yawan sabubba dalili ne na a zauna a yi lissafi, bai zama dalilin yage takardar lissafin ba.

Za a ce mini, ai magabata sun riga sun faɗa: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka ne, sun faɗa, amma a dubi karin maganar da idon basira. Warin daddawa ɗabi'arta ce, satar ɓera kuwa aikinsa ne; kuma uwar ɗaki ba ta taɓa yi musu magani ɗaya ba, ɓera tarko take ɗana masa, daddawa kuwa ta rufe ta a tukunya. Haka kuma da suka ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, ba su ce babba da yaro suna zargin juna suka yi shiru ba, kowa sun kira laifinsa da sunansa. Karin maganarmu sun fi amfanin da muke yi da su kaifi. Ko wannan da ake yawan jefa wa mai kuka, cewa laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani, madubi ne da aka ba mutum ya duba fuskarsa da shi, ba a ba shi don ya toshe bakin wanda ya cuta ba.

Na taɓa ganin yadda ake warware irin wannan ƙulli, a wani ƙauye da ke tsakanin Wurno da Goronyo, cikin sanyin hunturu, lokacin da albasa ta fara ƙosawa. Ina zaune a zauren maigari da hantsi sai ga wani manomi ya shigo, ƙafafunsa duk laka, yana riƙe da ganyen albasa da kofato ya murje. Bayansa ga Arɗo da sandarsa a kafaɗa, da wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, yana ta sunkuyar da kai. Manomin ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, shanun yaron ga na sunka tattake min garka, wahalar wata ukku ta tahi banza." Arɗo bai bari ya rufe baki ba ya ce, "Ranka shi daɗe, burtalin da kakanninmu ka bi zuwa mashaya, shi na yat toshe shi da ƙaya. Ina shanu za su bi?" Murya ta fara hawa, mutanen waje suka fara leƙowa, kowa da ɓangaren da ya karkata. Da ɗan jarida ne a wurin, da labarinsa ya kammala tun a nan.

Maigari ya juya wurin liman ya ce, "Allah shi gafarta Malam, mi kag gani?" Liman, wani tsoho mai sanyin magana, bai dubi manomin ba, bai dubi Arɗo ba, yaron ya kira kusa da shi, ya dafa kansa ya ce, "Yaro, gaya min gaskiya, dare na ko rana?" Yaron ya ce, "Bayan isha'i na, Malam. Kwana yak kwashe ni." Wannan tambaya ɗaya ita ta sauya zaman, domin a mazhabar Malikiyya abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare lamuninsa yana kan masu su, da rana kuwa tsaron gona yana kan mai ita, asalin hukuncin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke ne game da taguwar Barra'u ɗan Azibu, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, kuma duk wanda ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya wuce ta kansa. Aka tashi aka je garkar, aka ƙirga fangali 14 da shanu suka lalata, aka sa mutum biyu masu sayen albasa suka yi musu ƙima, Arɗo ya amsa zai biya ranar kasuwa. Sa'an nan, ba tare da an koma zaure ba, liman ya ce a zarce a ga burtalin. Dattawa suka nuna inda iyakarsa take tun suna yara, aka iske shingen manomin ya ci taki da yawa a cikinsa, aka ba shi kwana uku ya janye ƙayarsa. Laifi biyu aka samu, hukunci biyu aka yanke, ba a ce wannan ya shafe wancan ba. Fuƙaha'u sun kai wannan tsantseni har ga mahaya biyu da suka yi karo da dawakansu duka suka mutu, inda tarayya ta tabbata ba shakka. Can ma ba su ce a bar maganar ba, sun zauna sun fayyace diyyar kowane da waɗanda za su ɗauke ta.

Da a kan albasa da shinkafa kaɗai kalmar take ɓarna, da da sauƙi. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni, a gundumar Gandi ta ƙasar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka kwarara zuwa Gandi da abin da ke jikinsu. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Kwanaki kaɗan kafin wannan, 'yan sa-kai sun kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa. Sai aka wayi gari ana cewa Hausawa da Fulani suna zargin juna. Su wane ne junan nan? Bafillatanar da ta ɗauko ƙwaryar nono ta yi sammakon kasuwa, da Bahaushen da ya shimfiɗa buhu yana kasa tafarnuwa, wanne daga cikinsu ya harba bindiga? Kalmar ta ɗauke laifi daga hannun da ya ja kunamar bindiga ta shafa shi a kan ƙabila sukutum, ƙabila kuwa ba a iya gurfanar da ita gaban alƙali, don haka ramuwa sai ta faɗa kan wanda ya fi kusa kuma ya fi rauni. Ƙa'idar addininmu a bayyane take, cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin zunubin wani. In akwai juna a wannan al'amari, to tsakanin masu bindigar can da masu bindigar nan yake. Matattun Tabanni da na Mamande da na Goronyo kuwa ɓangare ɗaya ne, ɓangaren waɗanda aka zalunta. Haramta ƙungiyar 'yan sa-kai da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta yi kafin ƙarshen 2021, a ganina, mataki ne da ya dace, ko don ya ambaci masu aiki da sunan aikinsu. Sauran a ga kowane mai kisa, daga kowane gefe, a gaban shari'a da sunansa da sunan ubansa.

Akwai kuma wani zargin junan da ke gudana a sama, tsakanin hukumomi. Jiha takan ce soja da 'yan sanda a hannun Tarayya suke, Tarayya kuma ta ce ƙasa da dazuzzuka da sarakuna a hannun jiha suke. Duka maganganun biyu gaskiya ne, tsarin mulki ya ba Tarayya jami'an tsaro, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye ga gwamna; amma tun da aikin kowa a rubuce yake, me ya hana a tambayi kowa nasa? Rijiya ta bayar guga ya hana, in ji masu iya magana, kuma mai ƙishirwa yana da haƙƙin sanin ko rijiyar ce ta ƙafe ko gugan ne ya huje.

Wani abokina ɗan jarida ya taɓa kare kansa da cewa shi ba alƙali ba ne, aikinsa ya kawo maganar kowa ya bar wa mai sauraro hukunci. Na amince da rabin maganarsa. Ba a nemi ya yanke hukunci ba, amma kawo maganar kowa daban, dunƙule su cikin kalma ɗaya daban. Adalcin mai ba da labari shi ne ya ce wane ya yi da'awar kaza, ga shaidar da ya kawo. Wane ya musanta, ga tasa. Wane kuma an tambaye shi ya ƙi amsawa. Wannan ya fi wahala, yana bukatar a taka zuwa Gandi ko bakin madatsa, amma shi ne yake barin mai sauraro da abin da zai yi hukunci da shi.

Hujjar dattawa ta fi wannan nauyi, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Suna cewa tone-tone yana rura fitina, sulhu abin so ne a Shari'a, kuma garin da za a ci gaba da zama tare dole a rufa wa juna asiri. Ranar jana'iza, lokacin da samari suka ɗauki adda da gora idanunsu sun rufe, dattijon da ya tsaya ya ce kowa ya yi shiru ya yi jihadi babba, ruwa ya zuba wa gobara, kuma ba a tsayawa binciken wanda ya yar da garwashi alhali jinka tana ci. Amma bayan wuta ta mutu fa? Sulhun da fuƙaha'u suka sani yana zuwa ne bayan an san abin da ake jayayya a kansa, kuma ba ya halatta haram. Yafiya kuwa mallakar mai haƙƙi ce, shi ke bayar da ita, ba a ƙwace ta daga hannunsa a taron jama'a da sunan zaman lafiya. Miki in aka ɗaure shi da ruɓa a ciki, ranar da zai fashe ya fi na farko wari, kuma mutanen gabashin Sakkwato sun ga isasshen wannan.

Sai masu cewa ƙaddara ce. Imani da ƙaddara rukuni ne, wanda ya musa shi ya fita daga sahu, kuma ba abin da ke sanyaya zuciyar uwar da ruwa ya ci ɗanta kamarsa. Sai dai malamai, wajen sharhin hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su, sun bambanta tsakanin musiba da laifi: ƙaddara lallashi ce ga wanda musiba ta sama, ba ta zama hujja ga wanda ya yi sakaci da amanar da ke hannunsa. Sayyadina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta ɓarke, bai kuma ga hakan ya saɓa wa tawakkali ba. Ina kuma jin tsoron wata jimla da takan fito daga bakin masu iko, cewa kowa ya zargi kansa. Jimla ce ta gaskiya, kuma ran da ke zargin kansa Allah ya yi rantsuwa da shi a Suratul Ƙiyama. Amma mai karatun Suratu Ibrahim ya san wanda zai tashi ranar hisabi ya ce wa mabiyansa kada su zarge shi, su zargi kawunansu, bayan shi ne ya kira su. Zargin kai ibada ce in mutum ya yi wa kansa. In wanda ake tambaya ne ya umarci mai tambaya da shi, to a duba da kyau.

A Wurno ɗin nan, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, ya rasu a 1837, aka kuma rufe shi, muna da misalin da ya isa a koya. Tsakaninsa da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno an yi zargi mai zafi: al-Kanemi ya rubuto yana tuhumar jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da yaƙar Musulmi, yana kafa hujja da cewa saɓo ba ya mai da mutum kafiri, Bello kuma ya mayar da amsa da cewa sarakunan Barno sun goyi bayan waɗanda suka yaƙi jama'a. Abin da Bello ya yi da wannan jayayya shi ne ya kwafe maganar abokin hamayyarsa, da kaifinta, ya sa ta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, kusa da tasa amsar, har ya zama bayan shekaru fiye da 200 ɗalibi yana iya karanta da'awar kowane da hujjar kowane, ya karkata inda hankalinsa ya kai shi. Da marubucin zamaninmu ne, da layi ɗaya ya ishe shi, ya ce Sakkwato da Barno suna zargin juna, mu kuma mu tashi ba mu san a kan me ba.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi mai yawa. Daga shigowar watan Agusta har ruwa ya ɗauke, a riƙa karanta matsayin ruwan madatsar Goronyo a rediyo da Hausa, kowane mako, kullum ma in ya kusa cika, tare da sanar da ranar da za a buɗe ƙofa da sunayen garuruwan da aka aika wa saƙo, domin in abu ya faru a san inda igiya ta tsinke. A kowane zauren maigari kuma, daga Rabah zuwa Goronyo, a ajiye littafi guda a hannun liman ko wani mai rubutu, wanda duk ranar da shanu suka shiga gona za a rubuta a cikinsa dare ne ko rana, fangali nawa suka ɓata, wa da wa suka yi ƙima, nawa aka biya, da ranar da aka janye ƙaya daga burtali.